Darasi na Tara: Karanta wa Yara Tarihin da Ba a Gano Bakin Zarensa Ba

Kai da ka fara haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci, da ke da yanzu kike karanta katin asibiti da kanki, wannan darasi naku ne. Karatun da kuka samu bai kamata ya tsaya a aji ba. Akwai yara a gida, kuma ba abin da ke kama hankalin yaro kamar labarin da manya ma ba su san ƙarshensa ba. Tarihi cike yake da irin waɗannan labarai, wasu ma a nan kusa da mu suke.

Karanta wannan da ƙarfi

Surame tsohon birni ne a ƙaramar hukumar Binji, a Jihar Sakkwato. Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi, shi ya kafa shi a ƙarni na 16. Ganuwarsa da duwatsu aka gina ta. Har yau wasu sassanta suna nan tsaye cikin daji. Wajen shekarar 1700 mutane suka tashi daga birnin, sarauta ta koma Birnin Kabi. Wasu masana sun ce yaƙe-yaƙen maƙwabta ne suka tashe su. Wasu sun ce rikicin sarauta ne. Maginan ganuwar ba su bar mana rubutu ba. Mutum nawa suka yi aikin? Shekara nawa suka ɗauka?

Ka maimaita shi sau biyu kai kaɗai kafin ka tara yara, don kada ka riƙa tuntuɓe a gabansu.

Yadda za a yi da yara

Bayan sallar isha'i, an ci tuwo, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ke Inna, ki riƙe takardar yadda yaron zai ga yatsanki yana bin layi. Idan kin kai wurin tambaya, ki dakata. Kada ki yi gaggawar cike shirun. Nan ne za ki ji ƙaramin ya ce, "Inna, to mi ya sa sunka bar garinsu?" Ki ce, "Ɗana, har manyan malamai ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Kai mi ka gani?" Wani zai ce ruwa ne ya ƙare, wata ta ce annoba ce. Kada a yi wa kowa dariya. Sai dai a bi shi da tambaya: "Da a ce ruwa ne, wace alama za mu nema a wurin?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce zuciyar darasin. Muna son yaro ya saba raba abu uku: abin da ido ya gani, kamar ganuwar da ke tsaye, abin da aka ji daga bakin magabata, da abin da har yanzu ba a sani ba. Yaron da ya saba da haka tun yana ƙarami, ba kowane saƙo da aka turo a waya zai yarda da shi ba idan ya girma. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin zama da su.

Abu ɗaya nake roƙonku: kada ku toshe gurbin da aljannu. Da yawa daga cikinmu, da zarar tambaya ta gagara, sai mu ce ai aikin iskoki ne. Yaro ya tsorata, tambaya ta mutu. Malamanmu na Sakkwato sun rubuta littattafai masu yawa, kuma inda iliminsu ya tsaya sai su ce Allah ne mafi sani. Ba abin kunya ba ne uba ya faɗi haka a gaban ɗansa. Haka kuma kada a buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", domin wannan ba tatsuniya ba ce, yaro ya san mutanen nan sun rayu da gaske.

Labari na biyu, don wani daren

A shekarar 1324 Mansa Musa, Sarkin Mali, ya yada zango a Alƙahira kan hanyarsa ta aikin Hajji. A can ya ba da labarin sarkin da ya gada. Ya ce sarkin ya aika jiragen ruwa 200 su gano ƙarshen Tekun Atilantika, guda ɗaya tak ya dawo. Sai sarkin ya shirya jirage 2,000, ya shiga da kansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu na cewa ya isa Amurka, amma ba a samo shaidar da ta tabbatar da hakan ba, kuma a gaya wa yaro haka ƙarara. Yara maza da mata duk suna son wannan labari, sukan kwana suna gardama a kansa.

Akwai kuma kwalekwalen Dufuna a Jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya. Gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000 a duniya. Wa ya sassaƙa shi, da wane irin makami?

Aikin gida

Ka je wurin dattijo ko dattijuwa a unguwarku, ka tambayi labarin wani kufai, ko tsohuwar rijiya, ko asalin sunan unguwar. Ka rubuta shi a littafinka cikin layi biyar ko shida, ka ja layi a ƙarƙashin abin da shi kansa mai ba da labarin ya ce bai sani ba. Ka karanta wa yara, ka rubuta amsoshinsu a bayan shafin, ka zo da littafin aji mako mai zuwa. Wanda ke cikin birnin Sakkwato kuma, in ya samu hali, ya kai yara Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu su ga tsofaffin rubuce-rubucen hannu da idonsu.