Kyamarar daji da farautar adalci a Amurka: inda maharba suka fi tafka kuskure

Kyamarar daji ƙaramin akwati ce da ake ɗaurewa a jikin bishiya, a bakin mashaya ko a kan turbar da namun daji suka saba bi. Tana jin motsi da ɗumin jiki, sai ta ɗauki hoto ta buga masa rana da lokaci. Iri biyu ce. Akwai mai memori, wadda sai ka taka da ƙafarka ka ciro katin kafin ka san abin da ya gitta. Akwai kuma mai sim, wadda take turo hoto cikin wayarka tun barewar tana tsaye ba ta ɗago kai daga ruwa ba. A Amurka, inda farauta take da lasisi da lokacin buɗewa da adadin da aka yarje wa kowa, wannan ɗan akwati ya raba kan maharba sosai, kuma ya jefa wasu cikin tara da ƙwace lasisi ba tare da sun yi niyyar saɓa doka ba. Duk wanda yake zaune can, har abokin aiki ya fara jansa zuwa daji, ga inda ƙafa ta fi zamewa.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗauka cewa duk abin da ake sayarwa a kanti halak ne a daji. Mai kanti ba ruwansa da inda za ka ɗaure kayanka. Dokar farauta kuwa ta jiha ce, kowace jiha da tata, har ma a cikin jiha ɗaya hukuncin filin gwamnati daban yake da na filin mutum. Arizona ta fara da hana masu sim a 2018, sannan a watan Yunin 2021 hukumar namun dajinta ta kaɗa ƙuri'ar hana amfani da kowace irin kyamarar daji domin farauta, dokar ta soma aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Nevada ta bi ta kalanda: ba a barin kyamara a filin gwamnati daga 1 ga Agusta zuwa 31 ga Disamba, masu sim kuwa tun 1 ga Yuli ake sauke su. Utah ta sa nata haramcin daga 31 ga Yuli zuwa 31 ga Disamba a 2022, daga baya aka sassauta wa masu filin kansu a kan kyamara mai memori. Kansas ta hana su a filayen farautar gwamnati gaba ɗaya a 2023. A jihohi da dama kuwa, kamar Texas, mutum yana ɗaure abarsa a gonarsa babu mai ce masa uffan. Gyaran ba wuya gare shi: kowace jiha tana fitar da littafin dokokin farauta duk shekara, kyauta, a takarda da intanet. Nemi na bana. Na bara ya zama tarihi, maganar aboki kuma ba ta kare mutum a gaban alƙali. Tambayoyi uku za ka nema wa amsa a ciki: wace irin kyamara, a filin wa, kuma daga wace rana zuwa wace rana.

Mutane da yawa suna jin labarin Arizona su ce hassada ce kawai ake yi wa masu kayan zamani. Sai ka san ƙasar tukuna. Yanki ne na fari, inda ruwa ya fi komai tsada, har hukuma ta gina dubban matattarar ruwa a daji domin dabbobi su sha. A irin wannan wuri barewa ba ta da zaɓi, dole ta zo mashaya. Arewa da babban kwazazzabon Grand Canyon, inda ake samun barewa masu manyan ƙahoni, an riƙa ba da labarin mashaya guda da kyamarori gommai a kewaye, kowace da mai ita, kowane mai ita yana zuwa duba tasa lokacin da ya ga dama. Dabbar da ƙishi ya koro sai ta tarar da warin mutum da ƙarar mota. Maharba kuma suka shiga rigima da juna, har da satar kyamara da fasa ta. Makiyaya ma sun koka. Wanda ya san yadda rijiya ɗaya take haɗa faɗa a rani ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai tarkon da ke kama masu ganin sun iya wayo. Mutum ya ce ai ni ban ɗaure kyamara ba, hoto kawai aka turo mini. Dokar Arizona ta haɗa har da amfani da hotuna da bayanan wuri da lokaci da aka samo daga kyamarar, ko ta waye, muddin domin farauta ne. Utah ma ta hana sayar da irin waɗannan hotuna ga maharba, domin a baya akwai masu baza kyamarori da yawa su riƙa sayar da labarin inda babban namiji yake kwana. In ka ɗauki ɗan jagora na haya, tambaye shi ƙarara yadda ya gano dabbar da zai kai ka wurinta. Sunanka ne a kan lasisin. Shi kuwa mai ɗaure kyamara don kula da shanunsa, ko gadin gida, ko bincike, ko sha'awar hoto kawai, dokar Arizona ba ta taɓa shi ba, sai ranar da ya ɗauki hoton ya bi shi da bindiga.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya. Da yawa suna ganin da zarar doka ta yi shiru, magana ta ƙare. A wurin maharban Amurka akwai wani ma'auni da ya girmi waɗannan dokoki, wanda za mu iya kira farautar adalci: a bi dabbar da take sake a dajinta, bisa doka, ta hanyar da ba ta ba maharbi rinjayen da bai dace ba. A taƙaice, a bar wa dabba damar tsira. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, da George Bird Grinnell suka kafa a 1887, ita ta yayata wannan ƙa'ida, kuma ba don tausayi kaɗai ba. A lokacin, baunar Amurka da ake ƙirgawa da miliyoyi ta kusa ƙarewa saboda masu harbi don kasuwa. Wata kurciyar daji da garkenta yake rufe rana ta ƙare ƙurmus, ta ƙarshe ta mutu a gidan zoo na Cincinnati a 1914. Jirgin ƙasa da wayar tangaraho da bindiga mai cin harsashi da yawa su ne kayan zamanin wancan lokaci. Daga nan aka koyi cewa duk sabon kayan aiki sai an ɗaura masa linzami, shi ya sa a 1935 aka hana farautar agwagin ruwa da zuba musu hatsi ko ɗaure 'yan uwansu masu rai a matsayin yaudara, aka kuma taƙaita harsashin bindigar tsuntsaye zuwa uku.

To a wannan ma'auni, abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin labari da harbi. Maharbin da ya duba memori a watan Yuli, ya fahimci cewa barewa suna bin wani kwari da asuba, sannan ya dawo a kaka ya karanta iska ya yi dako, har yanzu yana iya komawa gida hannu rabbana. Ilimi ya samu, irin wanda tsohon maharbi yake samu daga sawu da kashi da karyayyen reshe. Wanda kuwa wayarsa ta yi ƙara yana shan shayi a tanti, ya ga namijin a mashaya ta uku, ya hau babur ya tare shi cikin minti goma, wannan kiran waya ya amsa. Boone and Crockett ba ta karɓar dabbar da aka samu ta wannan hanya a kundin bajintarta, ko da jihar ta halatta. Mai son shigar da ƙahon dabbarsa sai ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa bai hango ta daga jirgi ba, bai kore ta da mota ba, bai haska ta da fitila ba, ba a cikin shinge take ba, ba kuma ta maƙale a dusar ƙanƙara ko tana iyo ba. Ƙungiyar Pope and Young ta masu kwari da baka, wadda aka kafa a 1961, tana da irin waɗannan sharuɗɗa. In jiharka ta bar masu sim, gyaran yana hannunka: saita ta ta riƙa turo hotuna sau ɗaya a rana, da dare, ko ka kashe sanarwar wayar duk ranar da ka ɗauki makami. Ni a ganina wannan ya fi haramcin baki ɗaya ma'ana a jihohin da ke da duhun daji da yalwar ruwa. Amma a hamada, inda mashaya ɗaya ta tara kowa, ina bayan Arizona.

Wasu kurakuran ƙanana ne, amma su suke ɓata wa kowa suna. Ɗaure kyamara a filin wani ba izini kutse ne, kuma ya fi kyau izinin ya kasance a rubuce. Buga ƙusa a bishiyar gwamnati laifi ne a wurare da yawa, maɗaurin da ya zo da kyamarar ya isa. Yawan zuwa dubawa yana koya wa dabba hanyarka kafin kai ka koyi tata. In ka tarar da kyamarar wani, ko da ka tabbata ta saɓa doka, kada ka taɓa ta. Ɗauki hotonta da wurin ka sanar da malamin dajinsu. Kuma kyamara ba lambar mallaka ba ce. Filin gwamnati na kowa ne, wanda ya riga ka isa da asuba shi ke da wurin a ranar, ko da kyamararka ta yi wata uku a bishiyar.

Sai masu tsammanin cewa in an kama su, tara ce kawai su biya su wuce. Akwai yarjejeniya tsakanin kusan dukkan jihohin, wadda ta sa in an dakatar da lasisinka a ɗaya, sauran ma za su iya rufe maka ƙofa. In kuma ka tsallaka iyakar jiha da nama ko ƙahon da aka samu ba bisa ƙa'ida ba, dokar Lacey ta 1900 tana iya mai da maganar ta tarayya. Sau da yawa ma shaidar tana cikin wayar mai laifin, da rana da minti, shi da kansa ya ɗora ta a Facebook.

Kyamara ce ta fi jan baki, amma sauran kayan ma suna da nasu ramin. A 2005 wani mutum a Texas ya haɗa bindiga da kyamara da intanet domin mutum ya harbi dabba daga kwamfutar ɗakinsa. Jihar ta haramta abin a shekarar, wasu da dama suka bi sahu. Alaska ta daɗe da dokar cewa wanda ya shiga daji da ƙaramin jirgi ba zai harbi yawancin manyan namun daji ba sai bayan ƙarfe uku na daren da ya biyo baya, don kada ya hango daga sama ya sauka ya harba. Na'urar gani cikin duhu da mai gano ɗumin jiki, yawancin jihohi sun hana su a kan barewa, ko da sun bar su a kan aladen daji da ke ɓarnar gonaki, kuma nan ne mutane suke rikicewa, su zaci izinin wannan ya shafi wancan. Akwai kuma lokacin da aka keɓe wa bindigar ɗure, 'yar uwar adakar maharbanmu, wadda ake cusa wa albarushi ta baki. An ware mata kwanaki ne saboda ba ta cin nisa. Sai kamfanoni suka ƙera ta zamani mai madubin hange, shi ya sa Colorado da Idaho suka hana ɗora mata madubi a waɗannan kwanaki. Kafin ka sayi kowane abu mai batir da za a maƙala wa bindiga ko baka, buɗe shafin makamai na littafin jiharka.

Jirgi maras matuƙi shi ne rigimar da ake ciki yanzu. Colorado da Montana da Alaska sun hana leƙen dabba da shi tun 2014, kuma a kan wannan babu wata jayayya mai ƙarfi. Gardamar tana kan dabbar da aka harba ta gudu da rauni. Masu jirage masu gano ɗumin jiki suna cewa barin nama ya ruɓe a daji shi ne babban rashin adalci, kuma suna da hujja. Hukumomi kuma suna cewa jirgin da ya gano mushe shi ne zai gano mai rai, har da babban namijin da ke kwance a kwarin gaba. Wasu jihohi sun yarda da sharaɗi, wasu suna lissafa neman dabbar a matsayin ci gaban farauta, don haka tayar da jirgin laifi ne. In jini ya ɓace maka a sawu, alamta wurin da ka ga ɗigo na ƙarshe, ka ba dabbar lokaci ta kwanta, sannan ka kira malamin daji ka tambaye shi abin da aka yarda da shi a yankin. A jihohi da yawa zai iya haɗa ka da mai karen bin jini, wanda ake riƙe da shi a igiya har a kai ga dabbar.