Yadda Ake Mayar Da Kayan Intanet Idan Sun Saɓa Wa Abin Da Aka Tallata

Mutane na ta tambayata: na yi odar shadda, an kawo mini yadi mai arha, ya zan yi? Ga matakan.

1. Ka ɗauki hoton tallar tun kafin mai kayan ya goge ta.
2. Ka kunna bidiyo kafin ka yage ledar. Hattara, a nan mutane suke faɗuwa! Ba bidiyo, sai a ce kai ka musanya kayan.
3. Kada ka wanke ko ka kai wa tela, kuma kada ka cire tambarin.
4. Ka duba wa'adin mayarwa a manhajar da ka yi odar, yawanci kwanaki kaɗan ne.
5. Ka shigar da ƙorafi a rubuce cikin manhajar. In mai kayan ya ce ku sasanta ta waya, ka ƙi, domin maganar baki ba ta zama shaida.
6. Ka adana rasit da lambar oda.
7. In sun ƙi maido kuɗinka, ka kai ƙara ga FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. A Najeriya, dokar kare masu saye ta 2018 ta ba ka damar mayar da kayan da bai dace da bayaninsa ba, ko da an rubuta "ba a mayarwa".