Addu'a a Filin Wasan Futbol na Amurka: Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Sani

Wasan da Amurkawa suke kira futbol ba tamaular da muka saba da ita ba ce, domin da hannu ake ɗaukar ƙwallon, kuma ya fi kama da zari-ruga. Daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba makarantun sakandare kan yi wasa daren Juma'a, jami'o'i ranar Asabar, ƙwararrun gasar NFL kuwa galibi ranar Lahadi har zuwa watan Fabrairu. Baƙon da ya je kallo, musamman a jihohin kudu irin su Texas da Alabama da Jojiya, zai ga 'yan wasa sun durƙusa suna addu'a kafin a fara, zai ga wanda ya ci maki ya nuna sama da yatsa, zai kuma ji ɗan wasa ya buɗe hira da 'yan jarida da gode wa Yesu Almasihu.

Wanda ya ji an ce gwamnatin Amurka ba ruwanta da addini yakan yi mamakin wannan, alhali babu karo tsakanin abubuwan biyu. Gyaran farko na kundin tsarin mulkin ƙasar ya hana hukuma ɗaukar wani addini a matsayin nata, ya kuma hana ta tare mutum daga yin addininsa. Ɗan wasa mutum ne mai zaman kansa, shi ya sa ba wanda ya hana Tim Tebow durƙuson da ya yi suna da shi a ƙungiyar Denver Broncos a 2011. Tun yana Jami'ar Florida ya rubuta Yohanna 3:16, wato lambar wata aya ta Littafi Mai Tsarki, a kan baƙin tambarin da 'yan wasa suke liƙawa ƙarƙashin ido, a wasan ƙarshe na cin kofin jami'o'i a Janairun 2009, kodayake hukumar wasannin jami'o'i ta haramta kowane irin rubutu a wurin daga 2010. Haka kuma ranar 2 ga Janairun 2023, da zuciyar Damar Hamlin na Buffalo Bills ta tsaya ana cikin wasa a Cincinnati, abokan wasansa sun durƙusa a fili suna roƙon Allah ya tashi kafaɗunsa.

Inda batun ya shafi iyaye kai tsaye shi ne makaranta, kuma tambayar farko ita ce, ta gwamnati ce ko ta coci? Makarantar Katolika ko ta wata ɗariƙa tana da ikon sa addu'a cikin tsarinta, kuma wanda ya kai ɗansa can ya amince da hakan tun ranar rajista. Makarantar gwamnati kuwa hukuncin Kotun Ƙoli guda biyu ne suka shata mata iyaka. A shekarar 2000, a shari'ar gundumar makarantun Santa Fe ta Texas, kotun ta ce bai halatta makaranta ta shirya addu'a ta lasifika kafin wasa ba, ko da ɗalibi ne yake ja. A Yunin 2022 kuma, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta ba Joseph Kennedy gaskiya, wani mataimakin mai horarwa a Bremerton ta jihar Washington wanda aka dakatar a 2015 saboda yana durƙusawa a tsakiyar fili bayan an tashi wasa. Masu rinjaye sun ɗauki addu'ar a matsayin tasa ta kansa, sauran ukun kuwa suka ce yaro yana iya shiga don tsoron kada a ajiye shi a benci. A ganina wannan tsoron shi ne abin da uba zai sa wa ido, domin yaro ɗan shekara goma sha biyar da wuya ya faɗa da bakinsa cewa ya takura.

Saboda haka ka zauna da ɗanka kafin kakar wasa, ka fahimtar da shi cewa a makarantar gwamnati ba wanda zai tilasta masa. Yana iya tsayawa a gefe cikin natsuwa, hannu a harɗe, har su gama, kuma yawanci ba wanda zai tanka. Sannan ka nemi mai horarwa tun lokacin atisayen watan Agusta, ku yi magana cikin mutunci a kan sallar magariba da takan faɗo cikin wasan daren Juma'a, da azumi idan ya zo daidai lokacin, da abincin da ake ba yara kafin wasa, wanda a ƙananan garuruwa coci ne sau da yawa yake dafawa, kuma naman alade ba baƙo ba ne a cikinsa. Idan ba ku daidaita ba, sai ka wuce wurin daraktan wasanni na makarantar, daga nan shugaban makaranta, kuma a rubuce, domin saƙon imel ya fi maganar baki nauyi a wurinsu.

Za ka kuma ji sunan ƙungiyar Fellowship of Christian Athletes, wadda aka kafa a 1954 kuma take da rassa a makarantu da yawa. Tarukanta na ganin dama ne, kuma 'yan'uwanmu Hausawa Kirista za su iya samar wa 'ya'yansu abokai a can, sai dai ta fi karkata ga koyarwar 'yan bishara, don haka Katolika ko ɗan Angilika ya fara halarta da kansa ya ji abin da ake koyarwa. Dokar tarayya ta 1984 da ta ba irin waɗannan ƙungiyoyi damar taro a makarantun sakandare na gwamnati ita ce kuma ta ba ɗalibai Musulmi damar kafa tasu.

Damar da Musulmi suke da ita ta yin addininsu ba a takarda kaɗai ta tsaya ba. A Satumbar 2014 Husain Abdullah na Kansas City Chiefs, wanda ya bar kakar 2012 gaba ɗaya don ya sauke farali, ya yi sujada bayan ya ci maki a karawarsu da New England Patriots, alƙalin wasa ya hukunta ƙungiyarsa da mai da ita baya yadi 15 a fili, amma washegari NFL ta fito ta ce kuskure ne. A Dearborn ta jihar Michigan kuwa, inda yawancin 'yan wasan makarantar Fordson Musulmi ne, an mai da atisaye cikin dare a azumin 2010, daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa huɗu na asuba, don yara su samu su sha ruwa kuma su yi sahur.