Rumfar haɗa kwale-kwale a bayan gida: kurakuran da na gaji da gani

Samarinmu da ke son shiga kamun kifi ko fito a dam ɗin Dadin Kowa sun fara sayo falanki suna haɗa kwale-kwalensu a gida, kuma ina murna da hakan. Abin da ke ƙona mini rai shi ne rumfar da suke kafa wa aikin. Mutum ya zuba kuɗinsa a katakon maɗaci, sannan ya yafa masa tsohon tamfol a kan sanduna huɗu, ka yi magana ya ce ai na wata biyu ne. Mai aikin yamma da ƙarshen mako ba ya gama jirgi a wata biyu. Ka fara da sanyin Janairu, Mayu za ta riske ka kana kai, kuma hadarin farkon damina a Gombe iska yake turowa kafin ɗigon ruwa ya sauka.

Babban laifi shi ne shimfiɗa rufi a kwance. Yi lissafin da kanka: tamfol mai mita 4 a faɗi da mita 6 a tsawo, in aka yi ruwan milimita 20 kawai, lita 480 ce ta sauka a kansa. Kowace lita kilo guda ce, wato nauyin da ya haura duro biyu cike. Ruwan ba ya gangarewa, tsakiya yake taruwa, tamfol ya yi tumbi, tumbin ya ƙara jawo ruwa. Haka rumfata ta yi cikin dare. Sandar tsakiya ta karye ta faɗa kan gefen jirgin da ban gama ɗaurewa ba, ta tsaga mini falanki mafi tsawo, wanda sai da na zagaye 'yan katako kafin na samu irinsa. Da safe na tarar da ruwa kwance a cikin jirgi, garin katako ya zama kunu. Tun daga ranar ba na kafa rumfa sai da doro a tsakiya. In faɗinta mita 4 ne, ina ɗaga doron ya fi gefuna da mita guda, in jera gora daga doro zuwa gefe kusa da kusa, yadda babu inda tamfol zai lotsa.

Sai ɗauri. Kada ka amince da ƙawanyoyin ƙarfen da ke bakin tamfol, su ne farkon yagewa. Ni dutse nake naɗewa a bakinsa in shaƙe da igiya, in haɗa da robar tsohon tayar mashin domin ya ɗan ba iska hanya ya dawo. Dirkoki kuma a binne su aƙalla santimita 60, a shafa musu baƙin mai a gindi saboda gara, a tokare kusurwoyi da sanda a karkace. Wallahi abin takaici ne ka ga ƙato ya tona rami iya tsawon tafin hannunsa, ya soka sanda, ya tattake da ƙafa, wai ya gama! In gidanku a baƙar laka yake, mai tsagewa da rani, ruwan farko zai kwance ta, dirka ta kwanta salin-alin. A irin wannan ƙasa ina cusa tsakuwa a ramin in daddaɓe.

Wani kuskuren da ba na yafewa shi ne rashin auna hanyar fita. Jirgi a guntu-guntu yake shiga gida, a dunƙule yake fita. Na ga wanda ya gama nasa tsaf har da fenti, aka tara matasan unguwa za a fitar, zaure ya ce bai san zance ba. Ƙarshenta katangar baya aka fasa, ga ɓacin ran maigida, ga kuɗin bulo da magini. Kafin ka haƙa rami ko ɗaya, ɗauki gora mai tsawon jirgin, ka gicciya mata wata mai faɗinsa, ku bi da ita daga wurin rumfar har bakin titi, kuna duba kowace kwana ta lungu. Inda gora ta maƙale, jirgi ma zai maƙale. Sannan bakin rumfar ya dubi hanyar, kada dirka ta tsaya a gaban hancin jirgi.

Wasu suna yanka rumfa daidai jirgi kamar tela ya auna riga. Bar mita guda a kowane gefe, don a tsugune za ka buga kusoshin ƙasa.

Gabas nake toshewa da zana, saboda ta can hadari ke tasowa, ƙurar hunturu ma ta wajen take shigowa ta manne wa ɗanyen fenti. Sauran gefunan ina barinsu su sha iska. Masu naɗe rumfa da leda ko'ina, ku bari: a Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, gam ya daskare kafin ka haɗa katako, warin fenti ya hau maka kai. Kada a ajiye falanki a ƙasa, a ɗora shi kan bulo da 'yan sanduna a tsakani. A ja rumfa nesa da murhu, garin katako da fenti ba sa shiri da wuta. A haƙa 'yar kwata kewaye da ita, kuma ruwan rufinka ya zuba a gidanku, kada ya ci gindin katangar maƙwabci. Wayar wuta ta bi sama a jikin doro, a cire ta daga soket duk lokacin da aka tashi aiki, saboda yara.