Kare da kyanwa a gida: yadda ake gane ciwonsu da wuri, da magungunan da ke hallaka su

Dabba ba ta faɗin inda ke yi mata ciwo, kyanwa kuwa har ɓoyewa take yi. Don haka mai su ya koyi dubawa da hannunsa. Ɗaga leɓen dabbar ka kalli dasashi: na mai lafiya ja-ja ne mai laushi da danshi. Danna shi da yatsa ka saki, launin zai dawo kafin daƙiƙa biyu. Dasashi fari fat alamar ƙarancin jini ne, mai rawaya kuma ciwon hanta ko fashewar ƙwayoyin jini. Kama fatar tsakanin kafaɗu ka ɗaga ka saki. In ta tsaya a tattare, ruwan jiki ya yi ƙasa. Zafin jiki ana auna shi ne ta dubura, a shafa wa ma'aunin ɗan Vaseline. Daga digiri 38 zuwa 39.2 lafiya lau ne ga kare da kyanwa, abin da ya haura 39.5 zazzaɓi ne. Sanyin hanci ko bushewarsa ba ya nuna komai.

Zawon jini na 'yan kwikwiyo

Wannan ita ce cutar da ta fi ɗauke 'yan kwikwiyo tsakanin mako 6 da wata 6, likitoci na kiranta fabo. Ɗan kwikwiyo zai ƙi abinci, ya kwanta, amai ya biyo, sannan zawo mai jini da wari na daban. Ƙwayar cutar tana lalata bangon hanji. Abin da ke ceton rai shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, maganin tsayar da amai, da maganin da zai tare ƙwayoyin da ke kutsawa jini ta hanjin da ya ɓaci. Ɗura ruwan gishiri da sukari ta baki ba ya isa ga dabbar da ke amai, dawowa yake yi. Wanda aka kai asibitin dabbobi a ranar farko ya fi wanda aka jira da shi kwana uku samun tashi nesa ba kusa ba.

Ƙwayar tana rayuwa watanni a ƙasa, takalmi ma yana shigo da ita gida. A wanke kashin da sabulu tukuna, sannan a haɗa kofi ɗaya na Hypo ko Jik da kofi 30 na ruwa, a jiƙa siminti da kwanon abinci a bar su minti 10 kafin ɗauraya. Kada a dogara da Dettol ko Izal a kan wannan cuta, kuma suna yi wa kyanwa illa. Tsakar gida mai turɓaya ba ta wankuwa, saboda haka kada a kawo sabon kwikwiyon da bai gama allura ba inda wani ya mutu da ita.

Riga-kafin yana farawa a mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Dalilin maimaitawar shi ne kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya danne allurar farko, kuma ba a san makon da za ta ƙare a jikin kowane ɗa ba. Allura ɗaya tak ita ce kuskuren da ya fi yawa. Na biyu shi ne allurar da ta sha zafi: dole a adana ta tsakanin digiri 2 da 8, wadda aka kawo a aljihu ba tare da ƙanƙara ba kuɗi ne aka zubar. 'Ya'yan kyanwa suna da tasu, mai kare su daga mura da wata cutar hanji makamanciyar wannan, daga mako 8 zuwa 9.

Tsutsar ciki

Ɗan kwikwiyo mai ƙaton tumbi da gashi a hargitse, tsutsa ce akasari, kuma daga cikin uwa ko nononta yake samo ta. Ana fara ba shi magani yana mako 2, ɗan kyanwa yana mako 3, a maimaita duk mako biyu zuwa wata uku, sannan wata-wata zuwa wata shida, daga nan duk wata uku. A auna nauyi kafin a ba da shi. Mai ɗauke da pyrantel yana fitar da macijin ciki da tsutsar da ke tsotsar jini a hanji, amma ba ya taɓa tsila. In ka ga farare masu girman ƙwayar shinkafa suna motsi a kashi ko a gindin wutsiya, tsila ce, sai praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo. Ƙuma ce ke yaɗa irinta mafi yawa, in ba a kashe ƙumar ba za ta dawo.

Kaska da kirci

Kaska tana maƙalewa a cikin kunne, wuya da tsakanin yatsu, tana kuma yin ƙwai a tsagar bango, shi ya sa wanke kare kawai ba ya raba gida da ita. Ana cire ta da hantsaki daga gindin kai, a ja a hankali, ba a murɗawa, ba a ƙona ta da ashana. Haɗarinta ya wuce shan jini. Tana saka ƙwayoyin da ke fasa jini: kare ya yi zazzaɓi, dasashi ya yi fari, fitsari ya koma launin ruwan shayi, wani ma ya yi haɓo. Sai an ɗebi jini an duba a san wace ce, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Berenil da ake yi wa shanu ana amfani da shi a nan, amma tazarar da ke tsakanin adadin warkarwa da na kisa ƙarama ce ƙwarai ga kare, ƙarin kaɗan yana taɓa ƙwaƙwalwa. Wannan ba allurar gida ba ce.

Akwai magungunan tsare kaska masu inganci: Frontline da ake ɗigawa a ƙeya duk wata, ko Bravecto na taunawa da ke kai mako 12. Duk maganin da aka rubuta permethrin a jikinsa na kare ne kaɗai. Kyanwa ko goga jiki ta yi da karen da aka shafa wa tana iya kamuwa da karkarwa da farfaɗiya. Fiya-fiya da Sniper ba su da wuri a jikin dabba. Haka baƙin mai da ake shafa wa kirci: yana ƙona fata, dabbar ta lashe shi, ƙwaron da ke cikin fatar kuma yana nan. Likita ya kankaro fatar ya duba, domin kirci da makero kan yi kama da juna, makero kuwa yana kama yaran gida.

Maganin mutane

Ƙwaya ɗaya ta farasitamol mai miligiram 500 tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Fuska ta kumbura, dasashi ya yi ruwan ƙasa, numfashi ya yi wuya. Akwai makarinsa, amma sai an hanzarta. Diklofenak da ibufurofen suna huda ciki su lalata ƙoda, a kare da kyanwa duka. Albasa da tafarnuwa suna fasa jini ko an dafa su, abin lura ga mai juye ragowar miya a kwanon kare. Maganin ɓera mai hana jini daskarewa yana da yaudara: dabbar za ta yi kwana uku zuwa biyar garau kafin jini ya ɓalle a ciki. A kai ta ranar da ta ci, a tafi da kwalin.

Muzuru yana da nasa na musamman. In yana yawan tsugunawa yana yunƙuri da kuka ba fitsari, mafitsara ce ta toshe, ba taurin kashi ba, kuma yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku. Kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci komai ba ita ma a kai ta.

Haukan kare

Allurar riga-kafinsa ana yin ta in dabba ta kai wata uku, a sabunta duk shekara, kyanwa ma ana yi mata, a ajiye katin. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana samar da wannan allura tana kuma gwajin cutar. Ba kowane mahaukacin kare ne ke cizo ba; wani shiru yake yi, baki a sake, yawu na dalala, sai a zaci ƙashi ne ya maƙale masa. Kada a saka hannu a bakinsa.

In kare ko kyanwa ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu tsawon minti 15, a tafi asibiti ranar don allura, kada a jira a ga alama, domin da zarar ta bayyana ba a warkewa. Dabbar kuma a killace ta kwana 10 ana lura da ita. In ta mutu ko an kashe ta, kada a fasa kan, a kira likitan dabbobi, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa.