Bayan haɗarin mota, ka ga likita ko da kana jin garau

Ɗan uwa sabon zuwa ƙasar waje, Allah ya kiyaye, amma idan haɗari ya rutsa da kai, roƙona guda ne: ka ga likita a ranar, ko da ka fito daga motar da ƙafarka.

Firgici yana danne ciwo. Mutum sai ya tsaya bakin titi yana duba inda mota ta lotsa, bai san wuyansa ya fizgu ba, sai washegari ya farka ya kasa waiwayawa. Buguwar kai ta fi wannan haɗari. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, jiri, gani bibbiyu ko barci mai nauyi, ba a kwana da su a gida. Haka ciwon ciki a inda bel ya matse ka, domin jini kan zuba a ciki ba a gani. Lambar gaggawa 911 ce a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai.

Na san tsoron kuɗi ne ke hana mutanenmu zuwa, kuma abin yana damuna. A Amurka, wata doka ta 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa na mafi yawan asibitoci su duba ka, su ba ka taimakon gaggawa ko ba ka da inshora, kodayake takardar biya za ta biyo baya. A Ingila, sashen gaggawa kyauta ne ga kowa. Idan harshen bai zauna maka ba, ka nemi tafinta.

Shi kuwa kamfanin inshora, takarda yake bi. In ka yi mako biyu kana shafa man zafi a ɗaki, za su ce ciwon daga wani wuri ya zo. A jihar Fulorida ta Amurka ma, wanda bai ga likita cikin kwana 14 ba yana rasa kuɗin jinyar da inshorar motarsa za ta biya. Don haka ka faɗa wa likita duk inda ke ciwo, har ƙaramin, ya rubuta. Ka adana kowane rasit, har na magani.

A wurin haɗarin, ɗauki hoton motocin da lambobinsu, karɓi sunan direban da na kamfanin inshorarsa da lambar wayar shaida. Kada ka yi gardama, kada ka ɗauki laifi. Ka sanar da kamfanin inshorarka da wuri. A Faransa kwana 5 na aiki ake bayarwa.

Kamfanin ɗaya direban kan bugo waya da murya mai daɗi, ya yi tayin kuɗi nan take idan ka sa hannu. Sau da yawa wannan takardar rufe magana ce gaba ɗaya, ko da an gano daga baya kana bukatar tiyata a gadon baya ko wuya. Ka jira likita ya faɗi girman raunin, kuma ka ba lauya ya karanta kafin ka ɗauki biro.