Kurakuran da ke sa ma'aikata su juya wa kwamfuta baya

Na gaji da jin "ai mutanenmu ba sa son ci gaba" daga bakin yaran da ake turowa su kafa kwamfuta a ofisoshin gwamnati nan Katsina. Ba ƙin ci gaba ba ne, ku ne ba ku iya shigo da abin ba.

Babban kuskure, wanda ni ma na tafka, shi ne tsallake tsohon magatakarda. Da aka ba ni aikin shigar da bayanan ma'aikata a wata sakatariya, 'yan bautar ƙasa biyu na koya wa, wai hannunsu ya fi sauri. Baba mai kula da fayil yana gefe yana jan carbi, bai ce uffan ba. Shekara na cika yaran nan suka tafi, da kalmar sirrin a kansu. Dole na je na durƙusa. Ya ce, "Ɗana, kwamfutarka ta san wanda ya rasu da wanda aka yi wa canjin wurin aiki?" Ba ta sani ba. Shi ya sani. Yanzu duk inda na shiga, da dattijon ofis nake farawa, ko da yatsa ɗaya yake danna madannai.

Sai suna. Haba jama'a! Fayil ya ce Mohammed, BVN na banki ya ce Muhammadu, kai kuma ka rubuta wanda ya zo maka a ka? Haka na jawo aka riƙe albashin wani masinja wata uku. Kullum da safe yana kan benci a ƙofar ofishina, yana gaishe ni da ladabi, abin da ya fi zagi ciwo. Bayan wannan wa zai yarda da na'urarka? Yanzu ni dai ba na kwafa daga fayil. Mutum ya kawo takardar NIN ɗinsa, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, in karanta masa lambobin nan 11 da haruffan sunansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce e, sannan in adana.

Kada ka sa mutum ya cika rajista ya kuma cika kwamfuta. Aiki biyu albashi ɗaya, zai zaɓi biro. Bitar kwana ɗaya a otal da Turanci ba koyarwa ba ce, kuɗin zama kawai ake zuwa karɓa. A daina manna kalmar sirri a jikin allo.

Kuma kafin ka roƙi sabuwar kwamfuta, roƙi sola da batir. Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar tantance ma'aikata, kowa tsohuwar rajistar Baba ya nufa.